Wurin zaman yamma a unguwa: me za a sha, me za a ci, wa zai yi hidima?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Shago ne a cikin unguwa mai ɗan fili a gaba, zai ɗauki kujera 20. Ana so a mai da shi wurin zama daga La'asar zuwa ƙarfe 11 na dare, abin sha na gida mai sanyi da ɗan abin taɓawa, ban da tuwo da shinkafa. Abin da aka rubuta: zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, kunun gyaɗa, fura da nono, lemon tsamiya, lemon citta, shayi, sai tsire, kaza, masa, awara, shawarma da indomi. Me za a rage, me za a ƙara? Wuta kuma kun san halin da ake ciki.

Malam Ma'auni:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, abu 14 ka lissafa wa kujera 20. Raba shi biyu tukuna. Duk abin da ka ƙara a jeri yana zuwa da tukunyarsa, da wurinsa a firiza, da ragowarsa da za a zubar da dare. Abin sha huɗu, abin ci uku, sun isa wata ukun farko.

Na Ƙetare:
Malam ya yi gaskiya. A biranen Faransa da Italiya akwai ƙananan mashaya na unguwa masu sayar da giyar inabi kofi-kofi. Abin da ke cikin kofinsu ba namu ba ne, amma tsarin aikinsu abin dubawa ne. Jerinsu gajere, da alli ake rubuta shi a allo, abin da ya ƙare a goge. Kwalba ɗaya mililita 750 ce, sun san kofi 6 za ta ba su in ana zuba 125, ko kofi 5 in ana zuba 150, saboda haka da dare in an ƙirga kwalabe an san kuɗin da ya kamata a tarar. Abincin ƙananan faranti ne masu gishiri da maiƙo, waɗanda ke sa a nemi kofi na biyu. Mai hidima kuma ya san ɗanɗanon kowane abu, in baƙo yana shakka sai ya ɗiga masa kaɗan ya ɗanɗana.

Baban Yara:
Haba ɗan'uwa, duk misalan duniya sai na mashaya? Yaro yana neman halalinsa.

Na Ƙetare:
Baba a yi haƙuri, ma'auni da allo na ce a ɗauko. Ma'auni da allo kam ba su da addini.

Uwar Tukunya:
Ku bar gardama mu shiga zoɓo, don shi zai riƙe wurin. Shi ne mafi arha, mafi jure ajiya, kuma shi aka fi ɓatawa.

A sayi busasshe mai duhun ja, wanda in ka murza ba ya zama gari, ba ya warin rima. Na Jigawa ya yi suna, shi ake lodi ana kaiwa har Meziko, inda su ma suke jiƙa shi su sha. Kilo 1 na busasshe yana ɗaukar ruwa lita 22, a samu kusan lita 20 bayan tacewa, don furen yana shanye wani. A auna da sikeli, a daina aunawa da kwano: kwanon zoɓo yau a danne yake, gobe a sake, shi ya sa ɗanɗano ke canjawa kullum.

A tsince, a girgiza a rariya yashi ya zube, a ɗauraye da ruwan sanyi sau biyu da hanzari. In ya daɗe a ruwan wanki, launin da ka saya da kuɗinka ne ke bin kwata. Kayan ƙamshi su ake fara dafawa, su kaɗai: ɗanyar citta giram 300 a daddake, kanumfari giram 15, ɓawon abarba biyu da aka wanke sosai. Su tafasa minti 15. Sannan a zuba zoɓon, a kashe wuta, a rufe minti 30 zuwa 40, a tace da ƙyalle mai laushi. Kanumfari in ya wuce haka sai ya dake harshe, ya koma kamar maganin haƙori.

Tukunya kuma kada ta zama ta dalma. Zoɓo tsami gare shi sosai, yana cin jikin tukunyar, launi ya dushe, a ji ɗanɗanon ƙarfe. Ta sitenles za a nema, ko mai fenti a ciki wadda ba ta ɓare ba.

Anti Mai Girki:
Hajiya, ni a nan muka rabu. Zoɓon kasuwa a ƙasa ake shanya shi, awaki da kaji suna ratsawa. Gara ya tafasa a kan wuta minti 10 cikakku.

Uwar Tukunya:
Ruwan da ya sauka daga tafasa aka rufe shi rabin awa ya gama da abin da kike tsoro, Anti. In hankali bai kwanta ba a bar shi ya tafaso sau ɗaya da zoɓon a ciki, minti 3, a sauke. Abin da nake hanawa shi ne a bar shi yana ɓararraka awa guda. Ja ya koma ruwan ƙasa, ƙamshi ya bi tururi, sai bauri.

Anti Mai Girki:
To kanwa fa? Da yawa suna jefa ƙanƙanuwa don ta kashe tsami a rage sukari.

Jami'ar Lafiya:
Tana kashe tsamin, amma tsamin nan shi ne mai gadin zoɓo. Shi ya sa yake kwanaki a firij alhali kunun aya ba ya yi. In aka sa kanwa launi ya yi baƙi-baƙi, kuma ya fi saurin lalacewa. Wanda tsami ya yi wa yawa ya ƙara ruwa.

Sai abu mai muhimmanci: garin ɗan tsami da garin launi na buɗaɗɗen buhu, waɗanda ba suna ba kwanan wata, kada su shigo shagon. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane aka kwantar a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da irin wannan gari gurɓatacce. Zoɓo da tsamiya da lemon tsami duk suna da tsaminsu na Allah, ba sa bukatar taimako.

Wurin hucewa ma ana kuskure. Tukunyar lita 20 in aka bar ta a rufe sai ta kwana da ɗumi. A raba a mazubai na lita 5, a tsoma su cikin bahon ruwan sanyi, su shiga firij cikin awa 2. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, duk aikinku shi ne abin sha da abin ci kada su daɗe a wannan tsakanin.

Malam Ma'auni:
Sukari kada a zuba a babbar jarka. A dafa ruwan sukari daban: kilo 1 a ruwa lita 1, zai ba da kusan lita 1.6. Kofin mililita 350 yana ɗaukar cokali 3 na cin abinci, kusan giram 28 na sukari ke nan, ya ɗan gaza na lemon kwalba zaƙi. Riba uku ce. Mai ciwon sukari ya samu nasa ba sukari, mai son zaƙi a ƙara masa cokali, zoɓon kuma ya fi daɗewa. Marar sukari yana kwana 4 zuwa 5 a sanyi mai kyau. Wanda aka haɗa da sukari da ruwan abarba, kwana 2 an fara jin canji.

Alamar ya juya: 'yar kumfa a sama, gora ta kumbura, in an buɗe ta yi tsaki. Yis ne ke cin sukarin, kuma abin da yake fitarwa iska ce da barasa. Baban Yara, ka ga inda hatsarin yake, ba a allon alli ba.

Baban Yara:
Wannan kam na karɓa. A zubar kawai.

Malam Ma'auni:
Lissafin kofi kuma: lita 20 kofi 57 ce in ana zuba 350. In yaro yana cikawa har baki, 400, ta koma kofi 50. Kofi 7 sun tafi a kowace tukunya ba wanda ya sata. A sayi jug mai zane, ko kofuna masu layi. Kowace jarka a manna mata takarda da ranar da aka dafa, ta jiya a gaba, ta yau a baya.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Kunun aya fa? Shi aka fi tambaya a unguwar.

Injiniyan Sanyi:
Kafin a amsa maka, me kake da shi na sanyi? Don kunun aya ba ya yafiya.

Sabon Shiga:
Firiza ɗaya ta kwance, lita 200, da ƙaramin janareta.

Injiniyan Sanyi:
To. Irin wannan firizar tana jan wat 100 zuwa 150 in tana aiki, amma lokacin tashi tana fizgar ninki uku ko fiye na ɗan daƙiƙu. Da wannan fizgar ake zaɓen inbata ko janareta, in ba haka ba kwamfiresa ta riƙa ƙugi tana kasa tashi har ta ƙone. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, a jira minti 5 kafin a kunna.

Dabarar da ta fi sola arha: a cika kashi ɗaya cikin uku na firizar da gorunan ruwa su daskare. Firiza cikakkiya da ba a buɗewa tana riƙe sanyi har kusan kwana 2, rabin cika kwana 1. Abin da ke kashe ta buɗe-buɗe ne. Saboda haka a nemi kula biyu. Da La'asar a kwaso abin da za a sayar a zuba a kula da daskararrun gorunan, yara su yi ta buɗe kula, firiza ta huta. A bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, kada kuma ta zauna kusa da wuta.

Uwar Tukunya:
Da wannan za a iya kunun aya, amma kaɗan, na yini ɗaya. Busasshiyar aya kilo 1, a tsince duwatsu, a jiƙa awa 12 ana canja ruwa, waɗanda suka taso sama a kwashe a zubar. Dabino giram 250, a tsaga kowane ɗaya a duba ciki, don ƙwaro yana ɓuya a nan. Kwakwa ɗaya, a ɗanɗana ta tukuna, guda ɗaya mai ɗan tsami tana ɓata tukunya. Ruwa lita 4, mai sanyi ƙarara. A markaɗa, a tace sau biyu, a sa a sanyi nan take.

Ba a dafa shi. Aya sitaci gare ta, in ta ji wuta sai ta yi kauri kamar koko. Tunda ba wutar da za ta tsabtace shi, tsabtar sai ta zo daga ruwa da hannu da inji. Injin markaɗen unguwa da ya gama wake da tattasai shi ne babban mai laifi: ga yaji, ga ragowar ƙullun safe a lungunansa, ga zafin da yake sa wa markaɗen. Kunun da ya fito daga can da ɗumi kafin Isha ya yi tsami. A sayi bilanda mai ƙarfi ta shagon kaɗai. Farin da ke kwanciya a ƙasan gora ba lalacewa ba ne, sitacin ne, a girgiza kafin a zuba.

Na Ƙetare:
A Balensiya ta ƙasar Sifen da wannan ayar suke yin abin shansu da ake kira orchata, har da shaguna na musamman, kuma su ma da ƙanƙarar sanyi suke riƙe shi, ba sa ajiye ɗanyen ya daɗe. Aya daga Nijar ma ana kai musu. Matsalar ayar ce, ba ta hannunmu ba.

Jami'ar Lafiya:
Kada kuma wani ya ba ku hodar hana lalacewa ya ce a zuba a kunun aya. Wadda aka fi sayarwa, benzowet, sai a abu mai tsami take aiki, a kunun aya asarar kuɗi ce. Ba kuma abin aunawa da ido ba ne. In an kai ga ɗurawa a gora da suna ana kaiwa shaguna, wannan wani mataki ne, sai da rajistar NAFDAC.

Ƙanƙarar da ake saya a buhu ta sanyaya gora ce daga waje, ba ta shiga kofi, tunda ba ku san ruwan da aka yi ta da shi ba. Gorunan da yara ke tsintowa a wuraren biki kuma a'a. Fura da nono in za a yi, sai da nonon da aka tafasa kafin a ɗaura, don ɗanyen nono yana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale mai sa shanu ɓari. A tafasa, a bari ya huce zuwa digiri 43, a sa cokali 2 na kindirmo a kowace lita, a rufe awa 5 zuwa 6. Ni dai da za a ji tawa a ajiye fura sai an samu firiza ta biyu.

Ɗan Fawa:
Kun cika shagon da ruwa, a zo ga nama. Shawarata kada ya yi tsire da kansa. Tsire sana'a ce mai zaman kanta: sayen nama da asuba, yanka, jera tsinke, ƙuli, wuta. Wanda bai gada ba ko bai koya ba, asarar wata ɗaya za ta cinye ribar zoɓo. A samu mai tukuba a ba shi gefen fili, naman nasa, asararsa tasa, shago ya ɗauki wani abu a kan kowane faranti ko kuɗin wuri na mako. A yi maganar a gaban shaidu, a rubuta.

Sharuɗɗan da za a sa masa: tukuba ta zauna inda iska ke kwashe hayaƙi daga kujeru, ba ta turo shi ba. Katakon ɗanyen nama daban da na yanka gasasshe. Ba naɗewa a jarida ko takardar siminti, faranti ko farar takarda. Naman jiya ba ya dawowa da sabon ƙuli a kansa. Kaza kuma ta fi tsire rigima, waje ya ƙone ciki da jini, sai an duba gindin cinya ruwan ya fito fari, ko ma'aunin zafi ya nuna 75.

Kuma zoɓo marar zaƙi sosai shi ne abokin tsire da balangu, tsaminsa yana wanke maiƙo a baki. Kunun aya da nama mai kitse nauyi kan nauyi ne.

Anti Mai Girki:
Kunun aya da masa ko alkaki ya fi tafiya. Amma masa tana son mai zama a gaban tanda, in ta huce ta zama roba. Ga kujera 20 ni gurasa zan zaɓa: a saro da rana, a yi bandashe a take, a ɗan tsoma ta a ruwan ɗumi, garin ƙuli, man gyaɗa, albasa, tumatir, yaji. Minti 2 ta fito, ba wuta. Sai awara, ana soyawa ana bayarwa, mai ya yi zafi sosai kafin a jefa, in ba haka ba ta sha mai ta yi lagwas. Shawarma da indomi a cire, kowannensu ma'aikaci guda yake ci. Yaran su san cewa ƙuli da yajin tsire gyaɗa ne, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta.

Na Agadas:
Ba wanda ya tuna hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu wa zai sha abu mai ƙanƙara da ƙarfe 9 na dare? Shayi ne zai biya haya a watannin nan. Baƙin ganye minti 3 zuwa 5 ya isa a ruwan zafi, in aka bar shi a buta kan garwashi sai ɗaci. A ajiye ruwan citta da kanumfari yana zafi, ganye a sa shi lokacin da aka nema. Zoɓon ma ana shansa da zafi, haka ake yi a Sudan da Masar, karkade suke ce masa.

Shayinmu na kore, mai zagaye uku a ƙananan kofunan gilas, yana jan mutane, sai dai zama ne na kusan awa guda. A sa masa kuɗi a kan buta, kada a kan kofi, in ba haka ba mutum biyar su riƙe tebur da kuɗin kofi biyar 'yan mitsi-mitsi.

Hajiya Manaja:
Duk wannan mai kyau ne, amma abin da ke hana mutum dawowa yawanci yaro ne, ba tukunya ba. Kujera 20 tana son mutum uku: biyu a fili, ɗaya a kan kantar sayarwa yana zubawa yana karɓar kuɗi. Mai taɓa kuɗi ba ya taɓa gurasa.

Abin da za a koya musu kafin a buɗe: baƙo ya zauna, a yi masa sannu da zuwa cikin minti ɗaya ko da hannu a cike yake. A faɗa masa abin da ya ƙare tun kafin ya zaɓa. A maimaita masa abin da ya ce, har da yawan sukari. Kofi daga gindi ake ɗauka, yatsa ba ya zuwa inda baki zai taɓa. Abin sha ya riga abin ci isowa. Dattijo ake fara ba wa, kuma da hannun dama. Kowane yaro ya ɗanɗani komai da La'asar, don in an tambaye shi wanne ya fi tsami kada ya tsaya yana sosa ƙeya, kuma shi zai fara jin in kunu ya juya.

Wanki baho uku: na sabulu, na ɗauraya, na ruwan zafi. A kife kofuna su bushe da kansu. Tsumman da ya goge tebur in ya goge kofi an koma gidan jiya.

Kuɗi kuma: takarda mai lamba, biyu-biyu, ɗaya ta kanta ɗaya ta tebur. Da dare a gwada litar da ta fita da takardun. Tiransifa a duba ta a cikin manhajar banki, saƙon waya ana ƙirƙirarsa.

Baban Yara:
Hajiya kin tsallake babbar cutar shagon unguwa: bashi. Duk wanda zai zauna ya san mai shagon tun yana rarrafe.

Hajiya Manaja:
Shi ya sa mai shago ba ya zama a kan kanta, Baba. Ya sa wanda zai iya cewa "ba ni da izini". A biya kafin a kawo, kowa da kowa, tun ranar farko. In aka fara da sassauci ba a iya janyewa.

Malam Ma'auni:
Sai 'yan majalisa masu kofi ɗaya awa uku. Talabijin ɗin ƙwallo ita ke kawo su, kuma ita ke korar mai zuwa da iyalinsa. A zaɓi ɗaya tun yanzu, shagon bai kai girman da zai ɗauki biyun ba.

Hajiya Manaja:
In iyali aka zaɓa, a ware tebur biyu daga ciki da ɗan labule ko asabari, da haske sosai, kada lungu ya yi duhu a fara ƙananan maganganu. A tanadi buta da tabarma, a tsai da ciniki minti 15 da Magariba. A gai da mai unguwa da maƙwabtan katanga kafin a buɗe, don ƙarar janareta da hayaƙi da ruwan wanki a kansu za su sauka. Kwandon shara mai murfi, a kwashe kowane dare, zaƙin zoɓo yana tara ƙuda da kiyashi.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Lemon tsamiya da na citta fa, su tafi ko su zauna?

Uwar Tukunya:
A haɗe su su zama ɗaya. Tsamiya giram 500 a jiƙa a ruwan zafi lita 2 na awa ɗaya, a murje, a tace, a ƙara ruwan dafaffiyar citta lita 6. Ruwan sukarin nan dai shi za a yi amfani da shi. A tace ta sau biyu, don tsamiya tana ɓoye yashi fiye da zoɓo.

Ɗan Fawa:
Hajiya, in da balangu za a sha, a rage cittar. Yaji a faranti, yaji a kofi, baƙo zai nemi ruwan leda ne.

Uwar Tukunya:
To giram 100 a lita 6 ɗin, kada ta wuce haka.